Ƙirar Ina Ce, Kuma Za Ta Yi Ƙarko? Sharhi Kan Motocin Da Ke Bin Hanyoyin Kazaure, Babura, Roni Da Gwiwa

A duk inda direbobi da makanikai suka taru a ƙasar Kazaure, ko a tasha ko a garejin bakin titin Kano zuwa Daura, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa: wace mota ce ta fi ƙarko, kuma wace ƙasa ce ta fi iya ƙira? Wannan ya ce sai 'yar Japan, wancan ya ce ƙarfen Jamus ba shi da na biyu. Dattijo ya tuno da Fijon Kaduna, matashi ya kawo zancen motocin Sin da suka fara yawa. A cikin wannan ruɗani wasu dillalai ke cin kasuwarsu, domin da zarar an ce wa mai saye "ƙirar Japan ce" ko "Beljiyam ce", sai ya ɗauka an gama magana.

Ga manomin Gwiwa da ya shekara da shekaru yana tara kuɗin amfanin gona, ko malamin makaranta a Roni da ya ci bashi, ko direban da ke jigila tsakanin Babura da Kano, mota jarin gida ce, kuma kuskure ɗaya kan iya cinye shi. Saboda haka ya dace a warware tambayoyi biyu da aka saba cuɗawa wuri guda: inda aka ƙera mota, da abin da ke sa ta daɗe tana aiki.

Ma'anar kalmomin da ake yawan ji

Ƙera mota daban, haɗa ta daban. Ƙerawa ita ce a zana motar, a narka ƙarfe, a buga bodi, a yi inji da giya. Haɗawa kuwa ita ce a kawo sassan da aka riga aka yi a wata ƙasa, a ɗaure su su zama mota. Wani lokaci sassan kan zo a warware gaba ɗaya, sai an yi walda da fenti a nan. Wani lokaci motar kan zo kusan a kammale, 'yan abubuwa kaɗan ake ɗaurawa.

"Tokumbo" kalma ce ta Yarbanci da ke nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. A kasuwar mota tana nufin wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita. "Beljiyam" ma haka take nufi, kuma ba ƙasar ƙira take nunawa ba. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf a ƙasar Beljiyam, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Afirka ta Yamma. "'Yar Kwatano" ita ce wadda aka sauke a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin. "Ta hannu" kuwa ita ce wadda wani ya riga ya hau a nan gida.

Ita ma kalmar "inganci" tana ɗauke da abubuwa uku da ya kamata a bambanta. Akwai ƙarko, wato yawan shekarun da inji da bodi za su yi kafin su gaji. Akwai rashin yawan ba da matsala, wato mota ta tashi kullum ba tare da ta ajiye mutum a hanya ba. Akwai kuma sauƙin gyara, wato samun kayanta da mai iya taɓa ta a kusa, a farashin da aljihu zai ɗauka. Mota kan iya samun ɗaya ta rasa biyu.

Inda ake ƙera motocin duniya

A shekarar 2023 an ƙera motoci sama da miliyan 93 a duniya, manya da ƙanana. Ƙasar Sin kaɗai ta yi kimanin miliyan 30, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tun 2009 take riƙe da matsayi na farko. Amurka ce ta bi mata da sama da miliyan 10, sai Japan da kimanin miliyan 9, sannan Indiya, Koriya ta Kudu, Jamus da Meziko. A Afirka, ƙasashe biyu ne ke da masana'antar da ta amsa sunanta: Afirka ta Kudu da Maroko, kowacce tana ƙera sama da rabin miliyan a shekara.

Abin da ya fi ruɗa jama'a shi ne sunan kamfani ba ya nuna ƙasar ƙira. Toyota kamfanin Japan ne da aka kafa a 1937, amma yawancin Camry ɗin da ke yawo a Najeriya an yi su ne a garin Jojtawun na jihar Kentaki a Amurka, inda ake ƙera ta tun 1988. Honda Accord an fara yin ta a jihar Ohayo a 1982. Sienna daga Amurka take. Corolla kan fito daga Kanada, Amurka, Turkiyya ko Afirka ta Kudu, Carina E da Avensis kuma daga Ingila. Hilux ɗin da hukumomi ke saye yawanci daga Tailan ko Afirka ta Kudu take zuwa.

Haka abin yake ga motocin Turai da ke cika tashoshinmu. Volkswagen Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, sunanta na Jamus ne amma a Fotugal aka ƙera ta, a masana'anta ɗaya da Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra. Shi ya sa kayansu da yawa ke shiga juna. Peugeot J5 da ke ɗaukar tumatir, albasa da dabbobi zuwa kasuwanni, a Italiya aka yi ta, kuma 'yar'uwar Fiat Ducato ce. Marsandi samfurin ML a jihar Alabama ta Amurka aka yi ta. Pontiac Vibe kuwa sunanta na Amurka ne, amma inji da giyarta na Toyota ne, tagwaye suke da Toyota Matrix.

Su kansu kamfanonin sun sha sauya hannu. Tun 2021 Peugeot, Citroën, Opel, Fiat da Jeep suna ƙarƙashin uwa ɗaya mai suna Stellantis. Kamfanin Geely na Sin ya sayi sashen ƙananan motoci na Volvo a 2010, Tata na Indiya kuma ya mallaki Land Rover tun 2008. Lexus reshen Toyota ne.

Yadda mai saye zai gane da kansa

Ba sai an dogara da bakin dillali ba. Kowace motar zamani tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Farkon lambar ne ke nuna asali: J na Japan, K na Koriya, L na Sin, W na Jamus, VF na Faransa, 1, 4 ko 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 na Meziko. A wasu motocin Turai farkon lambar kan nuna ƙasar kamfanin ne, ko da an haɗa motar a maƙwabciyar ƙasa. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, gurbi na goma yana nuna shekara: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, a ci gaba da ƙirga haruffa, ana tsallake I, O, Q, U da Z. Wannan na da amfani, domin akan sauya fitilu da bamba a mayar da tsohuwar mota kamar ta baya-bayan nan.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin motocin da aka hau a cikin Japan ba su cika zuwa nan ba. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Na Japan da Ingila a dama yake. Wadda aka sauya wa sitiyari a gareji tana buƙatar bincike na musamman, domin aikin ya shafi birki, wayoyi da sandar sitiyari, wuraren da kuskure ke jawo asarar rai.

Darasin Fijon Kaduna

Najeriya ta taɓa kama hanyar haɗa motocinta. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta yi haɗin gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da kamfanin manyan motoci na Kano wanda aka yi da Fiat. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara aiki a 1975, kuma akwai lokacin da ake ɗauko sassanta ta jirgin sama daga birnin Liyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, a wuce da su Kaduna.

Fijo 404 da 504 sun yi suna a Arewa saboda dalilan da kowa ya gani. Suna da tsayi daga ƙasa, ƙafafunsu na jure gargada, injinsu ba shi da sarƙaƙiya. Gwamnati na saye, 'yan kasuwa na saye, tasha na saye, don haka babu garin da za a rasa kayansu ko makanikinsu. Akori-kurar Fijo ta yi wa kasuwannin ƙauye hidimar da har yau ake tunawa, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har wajen 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa.

Abin da ya durƙusar da masana'antun ba lalacewar ƙira ba ce. Yawancin sassa daga waje ake sayo su, don haka da darajar naira ta faɗi bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Tokumbo ta cike gurbin. An sayar wa 'yan kasuwa kamfanin Kaduna a 2006, daga baya bashi ya sa hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe shi. An sake yunƙuri da manufar bunƙasa masana'antar mota ta 2013, wadda ta ɗaga harajin shigo da motoci. A yau akwai Innoson a Nnewi ta jihar Anambra, akwai kuma Dangote Peugeot a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja da ta fara haɗa motoci a 2022. Duk da haka, abin da ake haɗawa a gida bai kai ko kusa da buƙatar ƙasa ba.

Hanyar da mota ke bi kafin ta iso

Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Rahoton ya yi gargaɗin cewa da yawansu ba su cika sharuɗɗan lafiyar hanya na ƙasashen da suka fito ba.

Shekaru da dama motocin Arewa kan sauka a Kwatano, su ratsa Jamhuriyar Nijar, su shigo ta iyakokin Katsina da Jigawa. Yankin Babura, da ke maƙwabtaka da Nijar, ya san wannan harka. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin ruwa. Saboda haka takardar kwastan ta zama abin dubawa na farko, domin motar da ba a biya mata cikakken haraji ba ana iya kama ta a hannun wanda ya saya da kuɗinsa na halal.

Wani abin lura shi ne da yawa daga motocin Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar da ta afka wa birnin Hustan a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Motar da ta sha ruwa kan yi kyau a ido, amma wayoyinta da ƙwaƙwalwarta na ruɓewa a hankali. Wadda ta fito daga yankin ƙanƙara kuma, gishirin da ake zubawa a titi kan cinye ƙasanta da tsatsa. Da lambar shasi ana iya binciko tarihin irin waɗannan motoci ta intanet a kan kuɗi kaɗan.

Wace ce ta fi? Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon bayan motocin Japan suna da hujja mai ƙarfi. A binciken shekara-shekara da cibiyoyin Consumer Reports da J.D. Power ke yi a Amurka, inda ake tambayar masu motoci matsalolin da suka fuskanta, Toyota da Lexus kan kasance a sahun gaba. Dalilin a tsarin aiki yake: kamfanin ba ya gaggawar sauya abin da ya riga ya tabbata, yana sa inji iri ɗaya a motoci da yawa, kuma ma'aikaci na da ikon tsayar da layin ƙira idan ya ga aibi. Wannan tsarin ake bi a Kentaki kamar yadda ake bi a Japan, shi ya sa ƙasar da aka haɗa motar ba ta cika sauya ingancinta ba. Corolla, da aka fara yi a 1966, an sayar da fiye da miliyan 50. Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas ma Hilux da Land Cruiser suka fi amincewa da su.

Amma suna ba ya wanke kowane samfuri. Injin wasu Camry na 2007 zuwa 2009 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, har kamfanin ya tsawaita garantin gyaransa. Giyar atomatik ta wasu Honda Accord masu silinda shida na farkon shekarun 2000 ta ba da matsala. Wasu motocin Nissan masu giyar bel, wadda ake kira CVT, sun sha ƙorafi saboda rashin jure zafi. Jakar iskar kariya ta kamfanin Takata na Japan ta sa an janye miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, kamfanin ya karye a 2017, kuma zafi da laima ne ke tsananta haɗarinta.

Masu son motocin Jamus suna kafa hujja da ƙarfin bodi, zama daram a kan titi, da juriyar tsofaffin Marsandi da Golf. Gaskiya ne. Sai dai sababbinsu cike suke da na'urori, suna buƙatar mai na musamman da kwamfutar bincike, kuma kayansu na da tsada. Motar da ke lafiya a hannun injiniyan Jamus kan iya zama nauyi a garin da babu mai iya karanta ƙwaƙwalwarta.

Hyundai da Kia na Koriya sun tashi daga motocin da ake rainawa zuwa masu gogayya da na Japan. Na Sin kuwa suna da araha da kayan zamani, kuma a 2023 Sin ta wuce Japan a yawan fitar da motoci. A fagen manyan motoci, Howo ta Sin ta riga ta samu karɓuwa wajen ɗaukar siminti da yashi. Ƙananan motocinsu dai ba su yi shekarun da tsofaffin Toyota suka yi a hanyoyinmu ba, kuma kayansu bai yawaita a kasuwa ba tukuna.

Akwai iyaka ga duk waɗannan ƙididdigogi. Binciken ƙarko na J.D. Power yana duba motocin da suka shekara uku ne, a kan titunan Amurka, da man Amurka. Motar da ke isowa Kazaure sau da yawa ta haura shekara goma, ta ratsa hannaye da dama. A wannan matakin, tarihin ita wannan motar ya fi sunan kamfaninta nauyi.

Abin da ke kashe mota a yankinmu

Ƙasar nan tana gwada mota ta fuskoki da dama. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska. Rairayin Babura na wahalar da kuloci da giya, hanyoyin burji da duwatsun wajajen Roni da Kazaure na cin ƙafafu da tayoyi, zaizayar damina kuma na fasa ƙasan motar da ba ta da tsayi. Ga lodin da ya wuce ƙima a ranakun kasuwa, inda motar mutum bakwai ke ɗaukar fiye da haka har da buhuna.

Sauran matsalolin daga hannunmu suke. Ana zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, gishirinsa ya toshe hanyoyi. Ana cire na'urar daidaita zafin inji da sunan taimakon mota, alhali hakan na ƙara shan mai da saurin gajiyar inji. Ana jinkirta juyen baƙin mai, ko a sayi na jabu. Ana sayen fetur ɗin bumburutu da ba a san asalinsa ba. Ko a gidajen mai ma an taɓa shiga matsala, kamar a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata injina da dama.

A nan ne sauƙin gyara ke zama rabin inganci. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce madogarar makanikan wannan yanki. Motar da za a aika yaro da safe ya dawo da kayanta kafin la'asar ta fi amfani ga mutumin Gwiwa a kan wadda sai an yi odar kayanta daga Legas ko Dubai. Wannan ne ya ɗaukaka Fijo jiya, shi ne kuma ke riƙe da Toyota, Golf da Sharon a yau.

Abin da ka iya biyo baya

Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya sun sauya kasuwa. Tokumbo ta yi tsada, mutane sun koma ga ta hannu, masu manyan injina na neman sayarwa su sayi ƙanana. Sakamakon shi ne motocin da ke kan hanya za su ƙara tsufa, kuma tsohuwar motar da ba ta samun kulawa barazana ce ga fasinja. Mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG na rage kuɗin mai, amma amfaninsa ya dogara da samun tashar cikawa a kusa da kuma ƙwararren mai haɗawa.

Can gaba kuma, Turai da Sin na karkata ga motocin lantarki da masu haɗa fetur da batir. Abin da suke hawa yau shi zai zama tokumbonmu nan da shekara goma. Makanikin da bai san kwamfutar bincike da wutar mota ba zai rasa aiki, mai motar kuma ya rasa mai gyara. Yankin na da cibiyoyin da za su iya ɗaukar wannan nauyi, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura. Gajerun kwasa-kwasai ga makanikan gareji za su amfani jama'a kai tsaye.

Kammalawa

Ƙasar ƙira ba ta isa hujjar sayen mota ba, haka ma sunan kamfani. Gaskiya ne motocin Toyota da Honda sun cancanci yabon da ake yi musu, amma Corolla da ta sha ambaliya ba ta kai Golf ɗin da aka kula da ita ba. Mai niyyar saye ya karanta lambar shasi, ya binciki tarihin motar, ya tabbatar da takardun kwastan, ya tafi da makanikin da ya amince da shi wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya kuma tambayi farashin kayanta a Ƙofar Ruwa kafin ya biya. Bayan saye, ya riƙe lokacin juyen mai, ya guji lodin da ya fi ƙarfinta. Rigakafi ya fi magani, kuma ran fasinjan da ke cikin motar amana ce a wuyan mai ita da direbanta.